Kwatanta ranaku layi-layi a data.table: wace hanya ta dace da teburinka?

Mai aiki da R, harshen kwamfuta na nazarin bayanai, da ya samu tebur cike da ginshiƙan kwanan wata, tambayarsa kusan ɗaya ce kullum: a kowane layi, wace rana ce ta riga wata? Ɗauki rajistar rigakafin yara. Kowane yaro da layinsa: ga ranar haihuwa, ga ranar allurar BCG ta tarin fuka, ga Penta (allurar cututtuka biyar) ta ɗaya da ta biyu da ta uku, ga ta ƙyanda. Jadawalin Najeriya ya sa BCG a lokacin haihuwa, Penta a sati 6 da 10 da 14, ƙyanda a wata 9. Saboda haka Penta ta biyu ba ta da dalilin riga ta ɗaya, kuma bai kamata tazararsu ta gaza kwana 28 ba. In tebur ya nuna akasin haka, ko dai alƙalamin ma'aikaci ne ya zame, ko mai shigar da bayanai ya juya rana da wata, ko kuwa da gaske an yi wa yaro allura kafin lokacinta. Duk ukun abubuwa ne da ake so a gano, domin da wannan teburin za a rubuta rahoton da zai ce yara kaza sun kammala rigakafinsu.

Ƙunshin data.table, wato ƙarin da ake ɗora wa R don sarrafa tebur, wanda Matt Dowle ya fara kuma Arun Srinivasan ya zo ya tallafa masa, yana ba ka hanyoyi da dama na yin wannan aiki, kuma dukkansu za su fitar da wani abu a allon kwamfuta. Nan wahalar zaɓi take. Ra'ayina tun daga farko shi ne: ko da yake tambayar tana cewa "layi-layi", da wuya amsar ta bukaci ka bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Idan ginshiƙai biyu kake kwatantawa, alamar `<` ko `>` ta wadatar. Idan rana mafi riga ko mafi jinkiri kake nema cikin ginshiƙai da yawa, `pmin` da `pmax` ne naka. Idan kana son sanin wace allura ce ta zo ƙarshe, ko kana duba jerin gaba ɗaya, miƙar da teburin da `melt`. Bin layi ɗaya-ɗaya yana da gurbinsa, amma ƙarami ne, shi kuwa `apply` ba na ba kowa shawarar ya kusantar da shi ga kwanan wata.

Kafin a kai ga zaɓi, akwai abin da ke rushe kowace hanya: ginshiƙin da ido ke gani kamar kwanan wata, alhali a wajen R rubutu ne kawai. R yana ajiye nau'in `Date` a matsayin adadin kwanaki tun daga 1 ga Janairu 1970. Ranar 1 ga Janairu 2024, a cikinsa, lamba ce: 19723. Da wannan lambar yake gane gaba da baya. Amma in ginshiƙin ya shigo a matsayin haruffa, kwatanta "15/01/2024" da "02/03/2024" zai ce ta farko ce ta fi girma, domin harafin 1 yana bayan 0, ko da yake 15 ga Janairu ta riga 2 ga Maris da sati shida da 'yan kwanaki. Ba gargaɗi, ba kuskure, sai amsa mai kama da gaskiya.

Tun fitowa ta 1.13.0 a 2020, `fread`, umarnin data.table na karanta fayil, yana gane ranakun da aka rubuta shekara-wata-rana, irin 2024-01-15, ya mai da su `IDate`, wato nau'in kwanan wata na data.table mai ajiye cikakkiyar lamba. Amma mu a nan rana muke fara rubutawa, sannan wata, sannan shekara, kuma wannan tsarin `fread` zai bar maka shi a matsayin rubutu. Kai za ka juya shi, kuma dole ka faɗa wa R tsarin da kanka (a misalan nan `rk` shi ne sunan teburin rigakafin, `.SD` kuwa ginshiƙan da aka zaɓa da `.SDcols`):

```r
ranaku <- c("haihuwa", "bcg", "penta1", "penta2", "penta3", "kyanda")
rk[, (ranaku) := lapply(.SD, as.IDate, format = "%d/%m/%Y"), .SDcols = ranaku]
str(rk)
```

In ka bar R ya yi hasashe, `as.Date("03/04/2024")` zai ba ka 20 ga Afrilu na shekara ta 3 bayan haihuwar Annabi Isa, domin ya ɗauki 03 a matsayin shekara, 04 wata, 20 rana, ya watsar da ragowar. In ka sa ƙaramin `%y` a madadin babban `%Y`, zai ciro lambobi biyu na farkon shekarar kawai, 2024 ta koma 2020. Idan kuma fayil ɗin ya bi ta kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka, 03/04 na iya zama 4 ga Maris a wani layin, 3 ga Afrilu a wani. Duk gidan da bai dace da tsarin da ka bayar ba yana komawa `NA`, wato gurbi, shiru, don haka ƙirga gurabe kafin juyi da bayan juyi. In sun ƙaru, akwai abin da ya faɗi a hanya. Lamba irin 45292 da ta fito daga Excel ita ma kwanan wata ce, 1 ga Janairu 2024 ɗin nan, sai dai tushen ƙirgarta 30 ga Disamba 1899 ne a Excel na Windows. Stata da SAS daga 1 ga Janairu 1960 suke farawa. Kwatanta lambar Excel da lambar R kai tsaye zai ce kowace allura an yi ta shekara 70 bayan haihuwa.

(Za ka ga na rubuta `kyanda` da k maras lanƙwasa a sunan ginshiƙi. R na Windows bai koma UTF-8, tsarin da ke karɓar haruffa irin su ƙ, ba sai fitowa ta 4.2.0 a 2022, kuma har yanzu akwai ofisoshin da ke kan tsohuwar siga. Sunayen ginshiƙai da haruffan da kowace kwamfuta ta sani sun fi kwanciyar hankali.)

To, a ce ranaku sun zama ranaku. Hanya ta farko ita ce wadda mutane suka fi raina wa, saboda sauƙinta:

```r
rk[, riga := penta2 < penta1]
rk[, tazara := as.integer(penta2 - penta1)]
rk[tazara < 28]
```

Wanda ya taso da Excel, inda ake rubuta lissafi a gida ɗaya a ja shi ƙasa, yakan ji kamar wani abu ya rage, kamar sai an ce wa R "yi wannan a kowane layi". Ba sai an ce ba. Alamar `<` tana ɗaukar ginshiƙan biyu gaba ɗayansu, ta haɗa na farko da na farko, na biyu da na biyu, har ƙasa, a kira guda, kuma zagayen yana gudana ne a cikin harshen C da aka gina R a kansa. Bambancinta da bin layi ɗaya-ɗaya kamar na mai auna gero da mudu ne da mai ƙirga ƙwaya. Ga kowace tambaya da ta shafi ginshiƙai biyu ko uku da ka san sunayensu, ba hanyar da ta fi wannan sauri, ba wadda ta fi ta saukin karantawa ga abokin aikin da zai gaji rubutunka.

Rauninta ɗaya ne, kuma babba ne: gurabe. Yaron da ba a yi wa Penta ta biyu ba, `penta2 < penta1` ba zai ba shi `TRUE` ko `FALSE` ba, `NA` zai ba shi. Kuma data.table yana zubar da layukan `NA` idan kana tacewa. Ka nemi `rk[tazara < 28]`, ka nemi `rk[tazara >= 28]`, ka haɗa adadinsu, za ka tarar bai kai yawan layukan teburin ba. Waɗanda suka ɓace su ne yaran da suka fara rigakafi ba su dawo ba, wato ainihin yaran da shirin rigakafi ya fi bukatar ya gano. Wannan ne ya sa nake ganin bai kamata a tsaya a `TRUE` da `FALSE` ba. A ba kowane hali sunansa, da `fcase`, wanda shi ma ya shigo a 1.13.0:

```r
rk[, hali := fcase(
  is.na(penta1) & is.na(penta2), "babu ko daya",
  is.na(penta1), "ta daya ta bata",
  is.na(penta2), "ba a yi ta biyu ba",
  tazara < 0,  "ta biyu ta riga",
  tazara < 28, "tazara ta gaza",
  default = "daidai")]
rk[, .N, by = hali]
```

`fcase` yana tsayawa a sharaɗin farko da ya cika, shi ya sa gurabe suka zo a sama. Adadin layukan kowane hali da `.N` zai ba ka dole ya haɗu ya kai yawan yaran duka, ba wanda ya sulale. Duba kuma hali na biyu: yaro yana da ranar Penta ta biyu amma ba shi da ta ɗaya. Wannan kusan kullum matsalar rubutu ce, ba ta allura ba, kuma ta cancanci a koma ga kati ko rajistar asibiti.

Idan abin da kake so ya fito kwanan wata ne, ba suna ba, ka guji `ifelse` na asali. Yana cire wa sakamako rigarsa ta `Date`, ya bar ka da 19723 tsirara. `fifelse` na data.table, wanda ya zo a 1.12.4 cikin 2019, yana riƙe nau'in, yana da wurin da za ka faɗi abin da za a sa in sharaɗin ya zama `NA`, kuma yana ƙin aiki idan ɓangarorin biyu ba nau'i ɗaya ba ne. Wasu suna jin haushin wannan taurin kan, misali in ɗaya `Date` ne ɗaya `IDate`. Ni ina ganin alheri ne, domin ya tsayar da kai tun kafin kuskuren ya shiga rahoto.

Yanzu tambayar ta sauya: yaushe aka ga yaron nan na ƙarshe? Wato rana mafi jinkiri cikin ginshiƙai biyar. A nan hannu yake zuwa ga `max`, kuma `max` ba zai yi abin da ake nufi ba, domin yana tattara dukkan ranakun teburin ya fitar da guda ɗaya, ya manna ta a kowane layi. 'Yan uwansa `pmax` da `pmin` su ne aka yi don wannan:

```r
allurai <- c("bcg", "penta1", "penta2", "penta3", "kyanda")
rk[, karshe := do.call(pmax, c(.SD, na.rm = TRUE)), .SDcols = allurai]
```

`pmax` yana zagaye ne a kan ginshiƙai, ba layuka ba. Ko layukan miliyan ne, ginshiƙai biyar kwatanci huɗu ne na jeri da jeri. `do.call` kuwa yana ba ka damar miƙa masa ginshiƙan ba tare da rubuta sunayensu ɗaya-ɗaya ba, kuma in sunayen suna da kama, `.SDcols = patterns("^penta")` zai tsinto su da kansa. Yana riƙe nau'in kwanan wata, kuma yaron da ba shi da ko allura ɗaya yana samun `NA` mai tsabta. Abu ɗaya da za ka kula da shi: daga ginshiƙin farko yake ɗaukar nau'in sakamakon. In ginshiƙin farkon nan babu komai a cikinsa daga sama har ƙasa, kamar yadda kan faru a ƙaramin fayil na wata ɗaya, `fread` zai karanta shi a matsayin na `TRUE` da `FALSE`, sai sakamakon ya fito lambobi. Juyin da muka yi a sama yana maganin wannan. Ka tuna kuma `na.rm = TRUE` hukunci ne da kai ka yanke: "rana ta ƙarshe cikin waɗanda aka rubuta". In abin da kake nema ranar kammala rigakafi ne, cire shi ya fi daidai, domin wanda bai cika allurai ba ba shi da ranar kammalawa.

Abin da `pmax` ba zai faɗa maka ba shi ne daga wane ginshiƙi ranar ta fito.

Kafin in je ga maganin wannan, bari in tsaya a kan hanyoyi biyun da aka fi samu a tsofaffin rubuce-rubucen ofis. Na farko `apply(.SD, 1, max)`. Yana da kyan gani, gajere, kuma lambar 1 ɗin nan tana nufin layi, don haka yana kama da amsar tambayar. Amma `apply` ba ya aiki da tebur, sai ya fara mai da shi `matrix`, inda dole kowane gida ya zama nau'i ɗaya, kuma kwanan wata rubutu yake komawa. Daɗin bakin da yake yaudarar mutane shi ne rubutun yana fitowa shekara-wata-rana, wanda jerinsa na haruffa ya yi daidai da jerin lokaci, sai `max` ya ba da amsar da ta dace bisa sa'a. Abin da ka samu kuwa haruffa ne. Ka ce R ya cire wata rana daga wata, zai tsaya da kuskure. Ka haɗa da ginshiƙin lambobi, su ma su koma rubutu, wani lokaci da fili a gabansu. Ga shi kuma ya kwafe teburin duka, ya kira `max` sau adadin layuka. Ban san wani hali da `apply` ya fi `pmax` a kan ranaku ba.

Na biyu ya fi mutunci: mai da kowane layi rukuninsa.

```r
rk[, karshe := max(bcg, penta1, penta2, penta3, kyanda, na.rm = TRUE),
   by = seq_len(nrow(rk))]
```

Wannan yana riƙe nau'i, kuma tunaninsa a bayyane yake. Kuɗinsa lokaci ne. Ga kowane layi data.table zai shirya ƙaramin rukuni, R ya duba nau'in abin da aka ba shi, ya nemo `max` na kwanan wata, ya kira shi, ya dawo. A layi ɗari biyar ba za ka ji komai ba. A bayanan jiha guda za ka ji, kuma `system.time` zai nuna maka bambancin a kan naka teburin. Yana da tarkuna uku da ya kamata a sani. Layin da duk gurabe ne, a nau'in `Date`, yana samun `-Inf` tare da gargaɗi, kuma tsofaffin sigogin R suna nuna shi a allo kamar `NA` alhali `is.na` yana cewa ba gurbi ba ne, sai ya bi ka cikin lissafin gaba. Na biyu, in ka gajarta rubutun da `max(unlist(.SD))`, `unlist` zai tuɓe nau'in kwanan wata, haka ma `sapply` da `mapply` suke yi. Na uku shi ne `by = .I`. Tun fitowa ta 1.15.0 a farkon 2024 yana nufin kowane layi rukuninsa, amma a sigogin da suka gabata ba ya raba komai kuma ba ya ƙorafi, sai ka samu rana ɗaya a duk layuka. Rubutu guda, kwamfutoci biyu, amsoshi biyu. In rubutunka zai yi yawo tsakanin abokan aiki, `seq_len(nrow(rk))` ya fi aminci, kuma ya fi `1:nrow(rk)`, wanda ke rikicewa idan teburin ya zo babu layi ko ɗaya.

Hanyar da nake so mai karatu ya ba lokaci ita ce miƙar da tebur. Ginshiƙai biyar na allurai, a gaskiya, abu ɗaya ne da aka maimaita sau biyar: wace allura, wace rana. `melt` yana mai da su haka, inda `lamba` ita ce lambar shaidar kowane yaro:

```r
dogo <- melt(rk, id.vars = c("lamba", "haihuwa"), measure.vars = allurai,
             variable.name = "allura", value.name = "rana", na.rm = TRUE)
dogo[, .(farko = min(rana), karshe = max(rana), adadi = .N), by = lamba]
```

Yanzu kowane yaro yana da layi ɗaya ga kowace allurar da aka yi masa. Za ka ce ai wannan ma rukuni-rukuni ne, me ya raba shi da wanda na kushe? Bambancin shi ne data.table yana gane `min` da `max` da `.N` idan aka rubuta su a sauƙaƙe haka, ya yi lissafin dukkan rukunoni a cikin C ba tare da komawa ga R kowane lokaci ba. Sun sa wa wannan dabara suna GForce, kuma in ka ƙara `verbose = TRUE` zai gaya maka ko ta yi aiki.

Amma ba don sauri nake son wannan hanya ba. Don tambayoyin da take buɗewa ne. Wace allura ce ta ƙarshe?

```r
k <- dogo[dogo[, .I[which.max(rana)], by = lamba]$V1]
rk[k, on = "lamba", allurar_karshe := i.allura]
```

Tazara tsakanin kowace allura da wadda ta gabace ta, ga dukkan jerin, a layin rubutu ɗaya:

```r
dogo[, tazara := as.integer(rana - shift(rana)), by = lamba]
dogo[tazara < 0]
```

`melt` yana jera allurai yadda ka jera su a `allurai`, don haka duk inda tazara ta yi ƙasa da sifili, jeri ya karye. A faffaɗan tebur da sai ka rubuta kwatanci huɗu, kuma yaron da ya tsallake Penta ta biyu da ya ba ka `NA` sau biyu; a nan kuwa ta uku za a gwada da ta ɗaya kai tsaye. Sannan ƙa'idojin jadawali suna iya zama ƙaramin teburinsu, maimakon lambobin da aka warwatsa cikin rubutu:

```r
jadawali <- data.table(allura = c("penta1", "penta2", "penta3"),
                       kwana = c(42, 70, 98))
dogo[jadawali, on = "allura", da_wuri := as.integer(rana - haihuwa) < i.kwana]
```

Ranar da aka ƙara sabuwar allura a jadawali, layi ɗaya za ka ƙara a wannan ƙaramin teburin, ba sabon kwatanci ba.

Ba kyauta take zuwa ba. Layuka suna iya ninkawa har sau biyar, wanda zai matse ƙaramar kwamfuta in teburin babba ne. `na.rm = TRUE` yana fitar da yaron da ba a taɓa yi wa allura ba daga dogon teburin gaba ɗaya, don haka kada ka ƙirga yawan yara daga `dogo`; koma ga `rk`. Komai kuma ya rataya ne a kan `lamba`: in yara biyu sun samu lamba ɗaya, ko an shigar da yaro sau biyu, `melt` ba zai ce uffan ba, allurarsu za ta cakuɗe. `anyDuplicated(rk, by = "lamba")` kafin farawa ya isa ya fallasa wannan. Sai maganar kunnen doki. Yaron da aka kawo a makare yakan karɓi BCG da Penta ta ɗaya rana guda, kuma `which.max` na farko a jeri yake ɗauka, wato BCG. In kana son wadda ta fi nisa a jadawali, sai ka jera teburin da `setorder(dogo, lamba, rana, allura)` ka ɗauki layin ƙarshe na kowane yaro.

Wani zai kawo maka `max.col` a matsayin gajeriyar hanyar samun sunan ginshiƙi ba tare da miƙar da tebur ba. Yana da sauri, amma sai ka mai da ranaku lambobi, ka cike gurabe da kanka domin layin da ke da `NA` amsarsa `NA` ce, kuma in ba ka sa `ties.method = "first"` ko `"last"` ba, ƙuri'a yake jefawa wajen kunnen doki, sakamako ya sauya duk lokacin da ka sake gudanarwa. A wannan yanayin na ƙuri'a yana ɗaukar lambobin da suka yi kusa da juna, da bambancin kashi ɗaya cikin 100,000, a matsayin daidai. Ga kwanaki wannan bai kai yini ba. Ga lokaci mai daƙiƙoƙi kuwa, inda lambobin suka haura biliyan 1.7, ya fi awa huɗu.

Wannan ya kawo mu ga ginshiƙan da ke ɗauke da awa. Bayanan da aka tara da waya ta KoboToolbox ko ODK suna zuwa da lokacin fara fom da lokacin gama shi, kuma R yana ajiye irin wannan a `POSIXct`, adadin daƙiƙoƙi tun 1970. Kwatanta `Date` da `POSIXct` kai tsaye yana ba da gargaɗi sannan ya auna kwanaki da daƙiƙoƙi, amsar banza ce. Mai da su nau'i ɗaya tukuna, kuma ka faɗi yankin lokaci: `as.IDate(lokaci, tz = "Africa/Lagos")`, ko `"Africa/Niamey"`. Najeriya da Nijar suna gaban agogon duniya na UTC da awa ɗaya, don haka jaririn da aka haifa ƙarfe 12:30 na dare, in aka juya da UTC, zai koma jiya. Cire lokaci daga lokaci ma yana da nasa tarkon: R yana zaɓar ma'auni da kansa, daƙiƙa ko minti ko awa ko kwana, gwargwadon bayanan. Rubuta `difftime(b, a, units = "days")` don kada lamba 28 ta zama awa 28 ba ka sani ba.

Ga wanda ya saba da dplyr, wani ƙunshin R na Hadley Wickham, zaɓin bai sauya ba, sunaye ne kawai suka sauya. `mutate` da `pmax` daidai yake da hanyar `pmax` da muka gani a sama, `if_else` da `case_when` suna riƙe nau'i kamar `fifelse` da `fcase`, `pivot_longer` na tidyr yana aikin `melt`, `rowwise` da `c_across` kuwa bin layi ɗaya-ɗaya ne da duk nauyinsa. Ba na ganin wannan aikin ya isa dalilin barin ƙunshin da ka ƙware a kai. Abu ɗaya da mai shigowa data.table zai riƙe: `:=` yana gyara teburin a inda yake, ba ya yin kwafi. In kana son asalin ya zauna yadda ya zo, `copy(rk)` tukuna.

Ina gurbin bin layi ɗaya-ɗaya, ke nan? Inda umarnin da kake bukata ba ya karɓar jeri. Misali mafi bayyana shi ne `seq`, wanda rana ɗaya ta farawa da ɗaya ta gamawa kawai yake karɓa. A ce kana da teburin kwanciya asibiti, da ranar shiga da ranar sallama, kuma kana son sanin gado nawa ke cike a kowace rana ta wata:

```r
kwana <- asibiti[!is.na(fita) & fita >= shiga,
                 .(rana = seq(shiga, fita, by = "day")), by = lamba]
kwana[, .N, keyby = rana]
```

A nan kowane majiyyaci yana bukatar nasa kiran, kuma adadin layukan da zai fitar ya bambanta da na maƙwabcinsa, abin da `pmax` ba zai iya ba. Tacewar da ke gaba wajibi ce: `seq` yana tsayawa da kuskure in ya tarar da gurbi, ko ranar sallama da ta riga ranar shiga, kuma layi ɗaya irin wannan ya isa ya dakatar da aikin duka. Waɗanda ba su da ranar sallama, mai yiwuwa har yanzu suna kwance, don haka kafin ka tace su ka yanke shawara ko za ka cike musu da ranar ƙarshen rahoto ta hanyar `fcoalesce(fita, ranar_rahoto)`. Ka tabbata kuma `lamba` tana nufin kwanciya ɗaya, ba mutum ɗaya ba, domin wanda aka kwantar sau biyu zai miƙa wa `seq` ranakun shiga biyu, shi kuwa ɗaya yake karɓa.